Cinikin da ke ɓacewa a waya

Daga Dogonduci har ƙauyuka irin Lugu, garin Sarauniya, ciniki ya shiga WhatsApp. Mai wake ya ɗora hoton buhu a status, bayan awa 24 ya gushe. Wannan an saba.

Mai ciwon shi ne saƙo mai goge kansa. A Nuwamban 2020 wa'adinsa kwana 7 ne, a Disamban 2021 aka ƙara awa 24 da kwana 90. Mai saye na iya kunna shi daga wayarsa. Sanarwar an kunna shi a rubuce take fitowa, alhali da murya ake ciniki. Kashegari a nemi "jika ashirin, na sallama", babu shi, sai gardama.

Masu wayo kan rubuta farashin a littafin bashi, gaban shaida.