Talabijin Na Kyauta: A Yi Tambaya Kafin A Saya

(Jawabi domin karantawa a azuzuwan manya da gidajen kallo na ƙauyuka)



Kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida. A irin wannan lokaci ne magidanci kan sayar da buhu ɗaya ko biyu ya sayo wa iyali abin more rayuwa. Wasu za su nufi kasuwa neman abin da ake kira talabijin na kyauta. Jawabin yau a kansa yake, domin kada gumin damina ya tafi a banza.

Tsohon tsari da sabo

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959. Na Kaduna ya biyo baya a 1962. A wancan tsari, kowace tasha da hanyarta a sararin sama. Mai eriya a kan gora yakan kama tasha ɗaya ko biyu, hoto kuma dishi-dishi.

Sabon tsari shi ake kira dijital. A nan hanya ɗaya takan ɗauki tashoshi da yawa, kamar yadda babbar mota ɗaya ke ɗaukar buhunan mutum ashirin zuwa kasuwa. Hoto yakan fito tangaran, murya kuma ras. Amma dijital ba ya rabi da rabi. In saƙon bai iso da ƙarfi ba, sai hoto ya daskare ko ya ɗauke gaba ɗaya.

A 2006 ƙasashe suka yi taro a birnin Janiba, suka sa 17 ga Yuni, 2015 ta zama ranar barin tsohon tsari. Nijeriya ba ta cika wannan wa'adi ba. Sai a 2016 Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, wato NBC, ta fara gwaji a Jos, da sunan FreeTV. A ƙarshen shekarar aka buɗe a Abuja da tashoshi 30. Kaduna ta samu a 2017, Kano kuwa a 2021.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce ƙaramin akwati da eriya. Akwatin shi ne dikoda. Shi ke karɓar saƙon dijital ya miƙa wa talabijin. Wannan hanya tana aiki ne inda saƙon ke kaiwa daga dogon ƙarfen tasha. Ƙauyen da ya yi nisa da birni, ko yake bayan dutse, yana iya rasa shi. Kuma ko da aka ce FreeTV, an tsara shi da ɗan kuɗi da ake biya sau ɗaya a shekara.

Hanya ta biyu ita ce faranti, wanda ake kafawa a kan rufi ko a tsakar gida, ya fuskanci tauraron ɗan Adam. Faranti bai damu da nisan gari ba, tunda daga sama saƙo ke sauko masa. Da shi da dikodarsa ana kama tashoshin da ba a kulle ba, babu biyan wata, babu biyan shekara. Ruwan sama mai ƙarfi yakan ɗauke hoto na ɗan lokaci. Wannan ba lalacewa ba ce.

Hanya ta uku ita ce ta kamfanoni irin su DStv da GOtv da StarTimes. Tashoshinsu a kulle suke. Wa'adin biya yana cika, yawancinsu sai su rufe har a sake biya. Wanda kuɗi ke zo masa sau ɗaya a shekara ya yi lissafi da kyau kafin ya shiga wannan.

Me ake gani a tashoshin kyauta?

Akwai tashoshin gwamnati, kamar NTA wadda aka kafa a 1977, masu kawo labarai da sanarwar hukuma. Akwai masu zaman kansu, kamar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 da harshen Hausa. Akwai tashoshin wa'azi da karatu, har da wadda ke nuna Masallacin Makka dare da rana. Waɗannan tashoshi suna samun kuɗinsu daga talla, ko gwamnati, ko masu taimako. Shi ya sa ba sa karɓar komai daga mai kallo.

To, abin lura shi ne, kallon ne kyauta. Dikoda da faranti da waya da ladan mai haɗawa duk da kuɗi. Haka wutar da za ta kunna su, ko ta janareto ce ko ta sola.

Kafin a miƙa kuɗi

Mai saye ya yi wa mai kanti tambaya uku. Wannan dikoda ta eriya ce ko ta faranti? Akwai biyan wata ko na shekara a kanta? Shin tana kamawa a ƙauyenmu? Amsar ta uku tana wurin maƙwabcin da ya riga ya saya, don gani ya kori ji.

Kada kowa ya yar da tsohon talabijin ɗinsa. Yawancinsu suna aiki da dikoda ta wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya. A karɓi rasit, a karanta shi, a adana. Ranar haɗawa kada a sallami mai aiki sai an ga tashoshin da ido.

Wani lokaci tasha takan sauya mazauni ta ɓace. Sake nemo ta kawai za a yi da rimot. Duk wanda ya ce a riƙa ba shi kuɗin wata domin tashar kyauta, cuta ce.

Daga ƙarshe, faranti yana jawo tashoshin ƙasashe iri-iri, kuma ba duka suka dace da yara ba. Dikoda tana da wurin kulle tasha da lamba. Maigida ya sa a nuna masa tun ranar farko, shi da uwargida.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa albarka a abin da aka noma. Wassalam.