Bashin Haya da Korar Ɗan Haya: Abin da Doka Ta Tanada



A garuruwanmu, idan ɗan haya ya kasa biya, mun san abin da ke biyowa baya. A yanke masa wuta, a sa wa ƙofarsa kwaɗo, wani lokacin ma a jira damina ta kankama a kwaye kwanon ɗakin, matarsa da 'ya'yansa na ciki. Mai gida zai ce gidansa ne. Gaskiya ne, gidansa ne, kuma bashin haya bashi ne da dole a biya. Amma doka ba ta ba shi ikon fitar da mutum da hannunsa ba.

Kowace jiha da tata dokar, sai dai hanyar kusan ɗaya ce. A Abuja da Legas, matuƙar yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi daban ba, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata 1, mai biyan shekara-shekara kuwa na wata 6. In wa'adin ya cika bai fita ba, sai a ba shi wata takardar ta kwana 7 cewa za a kai shi kotu. Alƙali ne zai ba da umarnin fita, ma'aikatan kotu su zartar. Dokar haya ta Legas ta 2011 ma ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 250,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ga wanda ya fitar da ɗan haya da ƙarfi.

Hatta gwamnati ba a ɗauke mata wannan ba. Lokacin mulkin soja, gwamnatin Legas ta tura jami'ai ɗauke da makamai suka fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana na gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da wannan ɗaukar doka a hannu. In gwamnan soja bai sha ba, ina ga mai gidan da ya ɗauko 'yan daba?

To amma mu yi wa masu gidaje adalci. Da yawansu ba attajirai ba ne. Akwai gwauruwar da hayar ɗaki biyu ke ciyar da marayunta, akwai tsohon ma'aikacin da ya zuba kuɗin sallamarsa a gini. Irin waɗannan ne ake ja da su a kotu shekara da shekaru, lauya na kafa hujja da kuskuren kwanan wata a takardar notis, ɗan haya na zaune kyauta. Shari'ar kamfanin Pillars da iyalan Desbordes ta haura shekara 20 kafin Kotun Ƙoli ta yanke ta a 2021, inda ta nuna cewa tangarɗa a notis ba za ta zama mafakar mai cin haƙƙin wani ba.

Wannan jan ƙafar ne, a ganina, ke sa mai gida neman kuɗin shekara 2 a dunƙule, kuma talaka mai gaskiya ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Don haka roƙona ga 'yan majalisun jihohinmu shi ne a ƙayyade wa shari'ar haya lokacin da dole a gama ta, a kuma wajabta rubuta yarjejeniya da bayar da rasit, ko da hayar ɗaki ɗaya ce a hannun dillali.