WASHIN WUƘA DA KAYAN AIKI A BISA INJI: JAWABIN DA AKA GABATAR A TARON ƘUNGIYA NA WATA-WATA

 



An ba mu dama mu ɗan yi bayani a kan washin wuƙa da sauran kayan aiki, tun da Babbar Sallah ta ƙarato, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu 'yan kasuwa ne, ƙarfe muke saye muke sayarwa, kuma kullum muna ganin yadda ake dawo da wuƙa mai tsada ta zama tsinke cikin wata uku. In an duba, sau da yawa laifin na washi ne.

A nan Kurmi rabin cin abincinmu a bakin ƙarfe yake. Mahauci a kwata, mai tsire a bakin titi, mai faskare, wanzami, mai saran rake, kowa da makaminsa. Da can a gida mawashi muka sani, dutse da ruwa da haƙuri. Yanzu kuwa inji ya zo, na lantarki da na keke, sai a miƙa wuƙa a karɓa cikin minti biyu.

To jama'a, ga abin lura na farko. Dutsen inji zagayayye ne, saboda haka in ka kafa wuƙa a kansa ka tsaya cik, kwarmi zai yi mata. Gwargwadon ƙanƙantar dutsen, gwargwadon zurfin kwarmin: dutse mai inci 6 ya fi mai inci 10 ƙwaƙule ƙarfe. Baki mai kwarmi yana da kaifi ƙwarai, shi ya dace da askar wanzami. Amma ba shi da nama a bayansa. Ranar da ya gamu da ƙashi ko icce, sai ya lanƙwashe ko ya yi giɓi.

Abin da gatari da adda da barandami ke bukata shi ne baki mai doro. Ku dubi ƙwayar agushi: tana da ciki a tsakiya, sannan ta yi ta sirancewa a hankali har tsini. Haka ake so bakin ya kasance. Doron nan shi ke tokare kaifin, kuma shi ke buɗa itace ko ƙashi don kada ƙarfen ya maƙale.

Yaya ake samunsa a kan dutsen da halinsa yin kwarmi ne? Sirrin yana wuyan hannu. Ka fara kwantar da ƙarfen, dutse ya taɓa kafaɗar bakin, sai ka riƙa ɗaga bayansa kaɗan-kaɗan har dutsen ya iso kaifi, kana kuma jan sa daga gindi zuwa tsini. Kada hannu ya tsaya wuri guda. In ka ja sau 5 a wannan gefe, ka ja sau 5 a wancan. Mai koyo ya shafa alƙalamin maka a bakin, zai ga inda dutse ya ci da inda ya tsallake. Idan ka ji wani ɗan ƙaiƙayi ya fito a ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, to aikin inji ya ƙare. Sauran na mawashi ne da ruwa, daga nan a goga a kan fata har ƙaiƙayin ya fita.

Abu na biyu shi ne zafi. Injin lantarki yana juyawa wajen sau 2,900 a minti ɗaya, bakin wuƙa kuwa siriri ne, nan da nan yake ɗaukar wuta. Da farko zai yi ruwan ƙasa-ƙasa, sannan ya koma shuɗi. In ya yi shuɗi, zafin ya kai wajen digiri 300, taurin da maƙeri ya sha wahala ya ba ƙarfen ya tafi, kuma ko an tsoma shi a ruwa ba ya dawowa. Wurin zai riƙa dakushewa kullum har sai an cinye shi. Maganinsa: kada a danna, a ajiye bokitin ruwa kusa, ja biyu a tsoma. Mai washin da ka ga tartsatsi na tashi kamar wasan wuta, kuɗinka yake ƙonawa.

Na uku, lafiyar jiki. Kafin a ɗaura sabon dutse a ƙwanƙwasa shi da ɗan itace. In ya yi ƙara rau, lafiya lau. In ya yi dum, akwai tsaga, kada a ɗaura shi. In an kunna inji a tsaya gefe na minti ɗaya. A sa tabarau, a naɗe hannun riga, mai babbar riga ya tuɓe ta. Kada a yi washi a gefen dutse. Yaranmu da muke turawa da wuƙaƙe su tsaya nesa, ido ba shi da na canji.

Game da wuƙar yanka, ita ba ta son doro mai yawa kamar adda. Siririya ake so, a ƙarasa ta a mawashi, kuma a duba kada a sami giɓi ko ɗaya. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san hadisi na 17 cikin Arba'una na Imamu Nawawi, inda aka umurce mu da wasa wuƙa da hutar da dabba. Malamai kuma sun hana a wasa ta a gaban dabbar. Saboda haka a gama washi tun ana jajibiri.

A ƙarshe, ƙasar nan akwai laima, ƙarfe na kwana ɗaya ya yi tsatsa. In an gama aiki a wanke, a goge, a shafa man gyaɗa, kada a mayar da ita kube da danshi. Muna roƙon Sarkin Fawa ya tara masu washi na unguwa a yi musu wannan bayani kafin Sallah.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.