An Kawo Mana Yaye

Karatunmu na yau yana cikin Zabura 131. Ayoyi uku ne kawai, in kuna da Littafi Mai Tsarki a kusa sai ku buɗe ku duba.

Kwanakin baya 'yata ta zo daga Maiyama da jikata a goye, ta ajiye mana ita nan gidanmu a Sabon Garin Jega, ta koma ran nan da yamma tana share hawaye. Kun san al'adarmu. In lokacin yaye ya yi, gidan kaka ake kai yaro. Yarinyar tana da wata 22. Ni ina ce mata Amarya, uwargidana kuwa Kishiya take kiranta.

Daren farko ba wanda ya runtsa. An ba ta kunu ta ture, an ba ta ƙosai ta jefar. Na ɗauke ta ina zagaya tsakar gida, ina rera mata duk waƙoƙin sujada da na sani, ita kuwa sai nuna ƙofa take tana kiran uwarta. Ni da na yi shekaru ina ta'azantar da manya a gidajen makoki, ga 'yar mitsitsiya ta gagare ni. Sai a dare na huɗu ta yi barci a ƙirjin kakarta, hannunta riƙe da bakin zane.

Daga nan fa Amarya ta karɓi mulkin gida. Kalmominta ba su fi ashirin ba, amma biyu ta fi ƙauna: "a'a" da "nawa". Takalmina nata ne, tabarauna nata ne, har kujerar da nake zama in yi nazari. Wata Jumma'a uwargida ta dawo daga kasuwar Jega da albasar Aliero, manya manya, jajaye. Amarya ta ɗauki ɗaya, ta ɗauka mangwaro ne. Muka ce ta ajiye, ta ce "nawa". Ta gatsa. Fuskar da ta yi ba zan manta ba. Hawaye na zuba, amma ta ƙi sakin albasar, don kada a ce ta yi kuskure. Na yi dariya har na tuna da dattawan ikkilisiya da na sani masu irin wannan hali, na kuma tuna ni ma ina cikinsu.

Addu'ar abinci kuwa, ta gano cewa in an ce "Amin" ake fara ci. To, ni mutum ne mai doguwar addu'a. Ina cikin roƙo domin marasa lafiya da masu mulki, sai na ji ƙaramar murya ta ce "Amin!" da ƙarfi. Na ci gaba. Ta sake cewa "Amin!" Da na buɗe ido, hannunta na cikin tuwo. Uwargida ta ce, "Baba Fasto, shekara talatin ina so in gaya maka abin da Kishiya ta gaya maka yau." Ran Lahadi kuma aka ba ta kuɗin baiko. Ta saka cikin kwano da murna, amma da ta ga mai karɓa ya wuce da shi, sai ta bi shi a guje tana kuka a ba ta abinta.

Littafi Mai Tsarki bai raina irin wannan dariya ba. Sunan Ishaku ma'anarsa dariya ce, kuma Farawa sura 21 ta gaya mana Ibrahim ya yi babban biki ranar da aka yaye shi. Hannatu ba ta kai Sama'ila Shilo ba sai da ta yaye shi, kowace shekara kuma takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Uwa ce kaɗai za ta iya ƙiyasta girman ɗan da ba ta gani kullum.

Amma akwai abin da ya kamata in furta a gabanku. Wata Asabar da dare na gama rubuta wa'azi, na fita shan iska. Da na dawo, na tarar Amarya ta sami biro, ta zane shafi huɗu kaf, ta yaga na biyar. Na daka mata tsawa irin wadda ban taɓa yi mata ba. Ta firgita, ta fashe da kuka. Na zaci wurin kakarta za ta gudu. Sai ga ta ta nufo ni, ni da na tsorata ta, ta ɗaga hannuwa biyu in ɗauke ta. Na ɗauke ta, kunya ta rufe ni. Na tuna lokacin da uwarta take wannan shekaru ina makarantar tauhidi, daga baya kuma ina yawon bishara ƙauye ƙauye. Ban ga ranar da ta fara tafiya ba. Ina gida ma, abin da 'ya'yana suka fi ji daga bakina shi ne, "Ku yi shiru, ina karatu." Washegari na kira 'yata na roƙi gafararta. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Baba, ai ya wuce." Ya wuce, amma da na sani da ban bari ya kai shekara talatin ba.

Yanzu mu koma Zaburarmu. Dawuda ya kwatanta ransa da yaron da aka yaye, wanda ya kwanta shiru a jikin uwarsa. Ku lura, bai ce jariri mai shan mama ba. Jariri yana neman uwa saboda nono. Yayayye ya yi kukansa ya gama, ya gane uwar tana nan ko da nonon ya tafi. Wataƙila akwai mai saurarona da Allah ya janye masa wani abu, aiki ko lafiya ko amfanin gona, yana ta nuna ƙofa yana kuka. Allah bai yashe ka ba, ɗan'uwana. A cikin Yusha'u sura 11 ya kwatanta kansa da uban da ya koya wa ɗansa tafiya, ya ɗauke shi a hannu, ya sunkuya ya ba shi abinci. In ka yi ɓarna, ka yi yadda Amarya ta yi, ka nufo shi da hannuwa a ɗage.

Iyaye da kakanni, ƙauna tana da aiki. Masana kiwon lafiya sun ce a ba jariri nono zalla wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Lokacin yaye ne yara da yawa suke ramewa, don haka a sa ƙuli-ƙuli ko waken suya cikin kunu, a ba su ƙwai da kifi in an samu. A watan Disamba 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa kafin sauran jihohi. Allura huɗu ce, kada a tsaya a ta uku. A kwana cikin gidan sauro, in jiki ya yi zafi kuma a tafi asibiti ran nan.

A cikin sujada ma, kada mu kori uwa waje don ɗanta ya yi motsi. Almajirai sun gwada haka a Markus sura 10, Yesu kuwa ya ji haushinsu, ya rungumi yaran ya sa musu albarka.

Bari mu yi addu'a, gajeruwa, kafin Amarya ta ce Amin.

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ƙananan da ka ba mu amana. Ka gafarta mana tsawar da muka yi cikin fushi. Ka ba iyaye haƙuri, ka ta'azantar da waɗanda suke jiran haihuwa, ka kwantar da ranmu a wurinka. Cikin sunan Yesu. Amin.