Maƙwabci Ba A Yi Masa Tonon Silili



Tumatirin da muke saye a Kumasi, da yawansa daga Burkina Faso yake shigowa ta Paga. A Disamba 2022 Shugaba Akufo-Addo ya je Amurka ya ce Burkina ta ɗauko sojojin hayar Wagner. Nan take Burkina ta kira jakadanmu ta nuna fushinta. Wa ya kwana da fargaba? Direbobinmu da iyayenmu mata 'yan kasuwa.

Mu so muke jami'an tsaron ƙasashen biyu su riƙa musayar labari, a rage shingaye, kuɗin kiran waya ya sauka in an tsallaka iyaka.

Allah ya zaunar da mu lafiya.