Lacca: Rigimar Rantsuwar Tuta A Makarantun Amurka

'Yan kasuwa ku ɗan dakata da ciniki, maganata ba ta da tsawo.

A Amurka al'ada ce 'yan makaranta su miƙe da safe, su dubi tutar ƙasa, su ɗora hannu a ƙirji, su yi alkawarin biyayya. Wani mutum wai shi Francis Bellamy ya rubuta alkawarin a 1892, babu ma sunan Ubangiji a ciki sai a 1954 aka ƙara, zamanin Shugaba Eisenhower.

To, a watan Maris na 1915 ba, a'a, jiya jiya, Maris na 2015, a garin Pine Bush cikin Jihar New York, makaranta ta keɓe mako guda don girmama harsunan duniya. Aka ba wani ɗalibi lasifika ya karanta alkawarin da Larabci. Kafin ya sauke numfashi an fara yi masa ihu. Iyaye suka yi ca a kan hukumar makaranta, waɗansu suka ce an kashe musu dangi a yaƙin Afghanistan. Rashin ɗan'uwa akwai ciwo, ba mai musu. Amma fa mutanen Afghanistan Pashto da Dari su ke yi, ba Larabci ba. Duk da haka hukuma ta ba da haƙuri, ta ce daga yau sai Ingilishi.

Shekara biyu kafin wannan, a Fort Collins ta Jihar Colorado, ɗalibai sun karanta shi da Faransanci, sun karanta da Sifaniyanci, amma ƙura ba ta tashi sosai ba sai da aka zo kan Larabci. Abin da ya tsone wa masu fushi ido kalma ɗaya ce, watau Allah. Haba jama'a! Da wane suna su ke so Balarabe ya kira Ubangiji? Kiristan Misira da na Lebanon Allah su ke cewa a majami'a. Mu nan ma, a buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa a gani, Allah a ke rubutawa. Shugaban wannan makaranta dai bai ja da baya ba, ya tsaya wa yaransa.

Masu cewa Ingilishi kaɗai suna da tasu hujja, wai harshe ɗaya shi ke haɗa kan ƙasa. Na ji. Amma tun 1943 Kotun Ƙolinsu ta yanke cewa ba a tilasta wa yaro wannan rantsuwa. Ashe wanda ya yi shiru doka ta kare shi, wanda ya yi alkawarin da wani harshe kuwa ihu ya ke sha?

Kada mu yi ta yi musu dariya, domin mu tamu ta fi. Namu alkawarin Farfesa Felicia Adeyoyin ta rubuta shi a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta sa a riƙa karantawa a makarantu, da Turanci. Ɗan talaka na aji ɗaya ya tsaya cikin rana yana rera shi kamar aku. Ku da ke ciniki kun sani, ba wanda zai dangwala yatsa a takardar bashi bai ji abin da ke ciki ba. In kun koma gida yau, kowa ya kira ɗansa ya ce ya fassara masa da Hausa. Mako mai zuwa ku kawo mini amsa a nan.