Me Ke Riƙe Maigida A Teburin Mai Shayi?

 Gaisuwa ta musamman ga masu sauraronmu na Kurugu da sauran garuruwan Ƙaraye da Rogo. Uwargida da amarya, a matso kusa da akwatin rediyo.

Yau za mu taɓo abin da ke ci wa da yawanmu tuwo a ƙwarya. Ranar girkinki ce, kin sha hayaƙi tun la'asar, kin tuƙa tuwo, kin kaɗa miya, kin rufe a kwano. An yi sallar isha'i, shiru. Sai can dare ya yi nisa maigida ya shigo, ya ce a ajiye, ya ƙoshi. Ina ya ci? Wajen mai shayi ne, ko mai tsire, ko mai suyar kifi, tunda madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, ta wadata wannan yanki da karfasa da tarwaɗa. Da safe a ɗumama wa yara tuwon, ke kuwa ki wuni da ɓacin rai.

Mu da ke cikin kulle ba ma leƙa waɗannan wurare, sai dai labari. To mene ne a can? Benci ne da tebur, gwangwanayen madara a jere, burodi, ƙwai, Indomie, ga tukunya a kan garwashi. Babu abin da ya fi ƙarfin hannunki.

Kuma ba mazanmu ne kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. A ƙasar Japan akwai wani gari a cikin duwatsu mai suna Hakone, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Tokyo a jirgin ƙasa, inda mutane ke zuwa hutawa saboda maɓuɓɓugan ruwan zafi. A irin waɗannan garuruwa, kamar yadda yake a manyan biranensu, akwai ƙananan shaguna da ake kira izakaya, sau da yawa da jar fitila a ƙofa. Gidan giya ne, kuma mu Musulmi ba ruwanmu da wannan ɓangare. Amma ku ji yadda suke karɓar baƙo. Yana shiga a ɗaga murya a yi masa maraba. Yana zama a miƙo masa ɗan jiƙaƙƙen tawul ya goge hannu. A wasu shagunan a kan cire takalmi a zauna a tabarma. Abinci kuma ba tuli guda ake kawowa ba, kaɗan-kaɗan yake zuwa da zafinsa: tsiren kaza da suke kira yakitori, dafaffen waken suya a ɓawonsa, gasasshen kifi. Kowa ya ɗiba, hira na tafiya.

Kun ga sirrin ke nan, daga Hakone har Kurugu: sakin fuska, abu mai zafi, da abokin hira. Bahaushe ya riga ya faɗa, zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi.

To 'yar'uwa, ga abin da za ki gwada. Idan ya yi sallama, fara da sannu da zuwa da ruwan wanke hannu. Batun cefanen gobe da kuɗin Islamiyyar yara ba ya guduwa, ki bari sai ya ci. Ki ajiye garwashi a kurfoti, don abincin ya same shi da ɗuminsa, musamman a hunturu. Ki daka yajinki da ƙuliƙuli, citta, barkono, masoro da gishiri, irin wanda mai tsire ke barbaɗawa. Ki dafa shayi da citta da kanumfari da na'a-na'a. Sannan ki zauna kusa, ki tambaye shi yaya gona, yaya kasuwa, nawa taki ya kai. Labarin da kika ji a rediyo da rana, ke ma abin hira ne a bakinki.

Amma kada ki ce za ki raba shi da majalisarsa dungum. A can yake jin wane ba shi da lafiya, wane zai aurar da 'ya. Abin nema shi ne ya dawo da wuri, da sauran wuri a cikinsa.

Ku kuma maza, mun san kuna saurare ko da kun juya baya. Abin da ake kashewa a tebur a dare guda, sau da yawa ya isa a sa nama a miyar gida. Ba adalci ba ne ka ci tsire, yara su kwana a kan gaya. Idan ka ci a waje, ka ƙunso na gida. Idan kana da mata fiye da ɗaya, ka tuna cin abincin mai girki haƙƙinta ne, ƙin cinsa kuwa shi ke hura wutar kishi.

Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, ya hore wa mazajenmu abin da za su riƙe mu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.